Super Falcons a Afirka da kuma a Gasar Duniya: amsa ga Malam mai tambaya

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya cewa me ya sa Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Najeriya, suke cinye kowa a Afirka amma da an je Gasar Kofin Duniya sai a dawo hannu rabbana, har ka ce ko dai gasar Afirka ce ba ta da ƙarfi. Na daɗe ina bibiyar wasannin yaran nan, tun zamanin su Mercy Akide da Florence Omagbemi, don haka bari in faɗi abin da na gani.

Da farko ban yarda da maganar hannu rabbana ba. Tun da aka fara Gasar Kofin Duniya ta mata a China a 1991, ba a taɓa yin ta babu Najeriya ba, sau tara ke nan a jere har zuwa 2023, kuma babu wata ƙasar Afirka da ta yi haka. Gaskiya ne farkon ya yi ɗaci. A 1991 an ci mu duk wasanni uku ba mu zura ko ɗaya ba, a 1995 Norway ta yi mana 8 da nema. Amma a 1999 a Amurka, ƙarƙashin marigayi Isma'ila Mabo, mutumin Jos, yaran suka doke Koriya ta Arewa 2-1, suka doke Denmark 2-0, suka kai zagayen ƙasashe takwas. A tsakani Amurka ta yi mana 7-1, kodayake mu muka fara ci tun a mintunan farko ta ƙafar Nkiru Okosieme. Wasan da har yau nake jin sa a raina shi ne na Brazil. An je hutun rabin lokaci ana cin mu 3-0, kowa ya fid da rai. Aka dawo suka farke duka ukun, aka tafi ƙarin lokaci, sai Sissi ta Brazil ta buga firikik ta ci. A lokacin dokar ita ce wanda ya fara ci a ƙarin lokaci shi ke da wasa, nan take aka tashi 4-3. Ƙungiyar da ba ta da ƙarfi ba ta farke ƙwallo uku a ragar Brazil.

Sai 2023, wadda na san da yawanmu a nan sun kalla. An sa mu rukuni ɗaya da Kanada, masu zinaren Olamfik a lokacin, da Ostireliya mai masaukin baƙi, da Ireland. A wasan Kanada, mai tsaron ragarmu Chiamaka Nnadozie ta kaɗe fenaritin Christine Sinclair aka tashi babu ci. Wasan Ostireliya da ƙarfe 11 na safe agogon Najeriya aka buga shi. Gidan kallon unguwarmu sai da muka roƙi mai shi ya tayar da janareta, don a ganinsa ba zai mayar da kuɗin mansa a wasan mata ba. Ba mu cika benci biyu ba da aka fara. Lokacin da Asisat Oshoala ta ci ta uku, masu shayi da ’yan acaɓa sun tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa suna leƙe ta saman kawunan juna. Aka tashi 3-2 a Brisbane, a gaban jama'arsu. Da Ingila kuwa, zakarun Turai, minti 120 babu ci, Ashleigh Plumptre ta daki turke, an ba Lauren James jan kati saboda ta taka Michelle Alozie, sai a bugun fenariti suka fitar da mu 4-2. Wasa huɗu, babu wanda ya doke mu a cikin fili.

To amma tambayarka tana da tushe. Cikin zuwa tara sau uku kawai muka fita daga rukuni: 1999, 2019 da 2023. A Olamfik ma mafi nisan da muka yi shi ne zagayen ƙasashe takwas a 2004, kuma a Faris a 2024 Brazil da Sifaniya da Japan duk sun ci mu. A nawa ganin matsalar ba ta ƙafa ba ce. Ƙasar da ta fitar da Perpetua Nkwocha mai kyautar gwarzuwar Afirka sau huɗu, da Oshoala mai sau shida, da Onome Ebi da ta je Gasar Duniya shida, ba ta rasa ’yan wasa ba. Ko Falconets, ’yan ƙasa da shekara 20, sun kai wasan ƙarshe na duniya a 2010 da 2014, Jamus ce ta hana su duka biyun. Abin da ke cin mu shi ne shiri da riƙo.

Dubi batun haƙƙinsu kawai. A 2004 sun ɗauki kofin Afirka a Afirka ta Kudu, suka ƙi barin otal saboda alawus. A 2016 sun doke Kamaru a Yawunde da ƙwallon Desire Oparanozie, suka dawo Abuja suka zauna a otal, har suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya da kwalaye a hannu. A 2019 a Faransa, bayan Jamus ta fitar da su, aka sake maimaitawa. A 2022 a Maroko suka ƙaurace wa atisaye. Wannan abin yana min ciwo ƙwarai. Yarinyar da ke tunanin ko za a biya ta guminta ba za ta kwana da tunanin abokiyar karawarta ba. Ƙara da cewa sau da yawa lokacin da FIFA ta ware don wasannin sada zumunta yakan wuce ba mu buga da kowa ba, alhali su Ingila da Amurka suna gwada kansu da manyan ƙasashe duk shekara. Ba a kiwon akuya ranar kasuwa.

Game da cewa gasar Afirka ba ta da ƙarfi, a da akwai ƙamshin gaskiya, don Najeriya ta riga kowa farawa. Daga 1998 zuwa 2006 mu muka ɗauka sau biyar a jere. Equatorial Guinea ta karɓa a 2008 da 2012, muka dawo muka ɗauka a 2010, 2014, 2016 da 2018. Yanzu kam zamani ya sauya. A 2022 Maroko ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe da fenariti, bayan an kori Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna, da Rasheedat Ajibade, muka ƙarasa da mutum tara. Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin. A shekarar da ta biyo baya ƙasashen Afirka uku suka fita daga rukuni a Gasar Duniya: mu, Maroko da Afirka ta Kudu. Kofi na goma da muka ɗauka a Rabat a watan Yulin 2025 da jiɓin goshi aka same shi. Maroko ta yi mana 2-0 kafin hutu, Esther Okoronkwo ta ci fenariti, Folashade Ijamilusi ta farke, Jennifer Echegini ta ci ta uku saura minti biyu. Kocinmu Justin Madugu ɗan Adamawa ne, kuma ya cancanci yabo.

Abin da ya fi damuna shi ne gasar cikin gida. Maroko ta zuba kuɗi a kulob-kulob ɗinta na mata, AS FAR ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka a 2022, Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta ɗauka a 2021 da 2023, TP Mazembe ta Kwango a 2024. Namu irin su Rivers Angels, Bayelsa Queens da Edo Queens sun je sun dawo babu kofi. Kusan duk manyan ’yan wasanmu a waje suke, wasu ma can aka haife su. Ba laifi ba ne, ’ya’yanmu ne, amma idan Nasarawa Amazons da Adamawa Queens da sauransu ba su samu fili mai kyau da albashi a kan lokaci ba, daga ina sababbi za su fito?

Shugaba Tinubu ya sanar da kyautar kwatankwacin dala 100,000 da gida da lambar girmamawa ga kowace ’yar wasa bayan kofin Rabat, na kuma ji daɗin hakan. Sai dai kyauta bayan nasara daban, shiri kafin gasa daban. Gasar Duniya mai zuwa a Brazil za a yi ta a 2027. Idan kana son sanin yadda za ta kaya mana, Malam, ka sa ido kan wasannin sada zumunta nawa za a shirya musu da manyan ƙasashe kafin lokacin, da kuma ko za a biya su ba sai sun yi zaman dirshan a otal ba.