Canki-canka ko dogon bayani: wace tambaya ce ke auna ɗalibi?

Tambaya: Ni malamar sakandare ce, ina kuma haɗa binciken digirina a kan jarrabawa. Abokan aikina na cewa tambayoyin canki-canka ba sa auna komai sai sa'a, na dogon bayani ne na gaskiya. Haka ne? Kuma ya dace in riƙa rage maki idan ɗalibi ya zaɓi amsar da ba daidai ba?

Amsa: Malama, abokan aikinki sun faɗi rabin gaskiya. Sa'a tana nan. Tambaya mai zaɓi huɗu, wanda bai karanta komai ba zai dace da kusan ɗaya cikin huɗu, wato 10 cikin 40. A ta "gaskiya ko ƙarya" kuwa rabi zai kwasa. Cike gurbi ya fi su toshe wannan ƙofa.

Amma dogon bayani ma yana da tasa cacar, sai dai a hannun mai gyara take. A 1913 Daniel Starch da Edward Elliott a Amurka sun ba malamai sama da 100 takardar lissafi guda ɗaya su gyara. Makin da suka ba ta ya kama daga 28 har 92 cikin 100. Lissafi fa, wanda ake cewa ba ya ƙarya! Shi ya sa hukumar jarrabawa ta WAEC ke tara masu gyara su daidaita a kan tsarin ba da maki kafin a raba musu takardu. Ke ma ki rubuta naki tun kafin jarrabawa, ki gyara tambaya ta ɗaya a duk takardun kafin ki shiga ta biyu, ki rufe sunaye. Idan na bincike ne, wani ya sake gyara wasu, ki duba yadda makinku ya yi kusa.

Batun ragin maki, akwai tsohon lissafinsa: a raba kurakurai da yawan zaɓi ban da ɗaya, a cire daga amsoshin daidai. Mai dace 10, kuskure 30, zaɓi huɗu, ya koma sifili. Ni dai ban cika son sa ba, domin yakan hukunta mai ɗari-ɗari wanda ya san rabin amsa ya bar gurbi, mai ƙarfin hali ya wuce shi.

Gara ki binciki tambayoyin kansu. Ki jera ɗalibai bisa maki, ki ware kashi 27 cikin ɗari na sama da 27 na ƙasa, yadda Truman Kelley ya ba da shawara a 1939. Tambayar da na ƙasa suka fi na sama ci, akwai matsala a rubutunta ko a amsar da kika riƙe. Zaɓin da ba wanda ya taɓa kuwa ki canja shi, domin ya mayar da zaɓi huɗu uku.