Notis na wata uku da ciwon sikila: amsa ga ƙanwata mai shirin zuwa Ingila

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce an ba ki aikin jinya a wani asibiti a nan Ingila, amma a takardar yarjejeniyar an rubuta cewa duk ranar da za ki ajiye aiki sai kin ba da notis na wata uku. Ga ki da ciwon sikila, kina fargabar kada sanyin ƙasar da aikin dare su kayar da ke, shi ya sa kike tambaya ko doka za ta bar ki ki rage wa'adin ki tafi.

Babu dokar da ta ce rashin lafiya na yanke notis kai tsaye. Dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta ce wanda ya kai wata guda a bakin aiki, mafi ƙarancin notis ɗin da zai bayar mako ɗaya ne. In yarjejeniya ta ce fiye da haka, abin da kika sa wa hannu shi ne ke kanki. Rage shi sai da yardar waɗanda suka ɗauke ki aiki, kuma sukan yarda, domin ba su da ribar riƙe ma'aikaciyar da ba ta iya tsayuwa a ɗakin marasa lafiya.

Sai dai ni abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Ke da bizar aiki za ki shigo, asibitin ne ya tsaya miki. Da zarar aikin ya ƙare, wajibi ne su sanar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida cikin kwana 10 na aiki. Ita kuma takan rage bizar zuwa kwana 60, ko abin da ya saura in bai kai haka ba. A cikin wannan ɗan lokaci za ki nemo wani da zai tsaya miki, ko ki tattara ki bar ƙasar. To ki duba: mutum yana kwance, gaɓoɓi na sara, ga kuɗin haya, ga neman sabon aiki da ganawa da masu ɗauka. Wata ukun nan da kike gani kamar ƙangi, a irin wannan hali shi ne garkuwarki.

Saboda haka in ciwo ya tashi, kada ki fara da takardar ajiye aiki. Ki fara da hutun rashin lafiya. Kwana bakwai na farko ke da kanki za ki shaida ba ki da lafiya. In ya wuce haka sai ki karɓo takardar likita. Akwai kuɗin hutun rashin lafiya da doka ta ɗora wa wanda ya ɗauke ki aiki ya biya ki har tsawon mako 28, kuma ba ya cikin tallafin gwamnati da bizarki ta hana ki. Ko kin riga kin ba da notis, kwanakin da kike kwance suna cikin lissafin wa'adin. Ga kuma Dokar Daidaito ta 2010: ciwon da ya kai wata 12, yake kuma tauye harkokin mutum na yau da kullum, yana wajabta wa wanda ya ɗauke shi aiki ya yi sassaucin da hankali zai ɗauka. Za ki iya neman a cire ki daga aikin dare ko a rage miki awanni. Mutanenmu da yawa kunya ke hana su faɗin ciwonsu, sai sun yanke jiki sun faɗi a bakin aiki. Wannan kunyar tana ci mini rai.

In tafiyar ta zama dole, ki rubuta wa shugabar sashenku gajeriyar wasiƙa, ki haɗa da takardar likita, ki faɗi ainihin ranar da kike son tsayawa. Ki nemi a cike wani ɓangare na wa'adin da hutunki na shekara da ya taru, domin mai cikakken aiki yana da aƙalla kwana 28. Kada ki dogara da "ba komai" da aka ce miki a tsaitsaye. Sai kin ga amsa a rubuce. Kada kuma ki ɓace ba sallama, don wannan karya yarjejeniya ne, kuma wurinsu sabon wanda zai ɗauke ki aiki zai nemi shaida a kanki. In magana ta cije, hukumar ACAS, mai sasanta ma'aikata da waɗanda suka ɗauke su aiki, na ba da shawara kyauta.

Tun kafin ki sa hannu, ki nemo sakin layin da ya yi maganar mayar da kuɗin jirgi da na horo idan kin tafi da wuri. Ki tambaye su a rubuce ko suna yafe shi in ciwo ne ya tilasta tafiyar, ki adana amsar da suka ba ki.