Tambaya da Amsa: Ina Za a Kai Ni a Yankin Yokshaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana zai kammala digiri a birnin Lids da ke yankin Yokshaya na Ingila a watan Yuli, kuma zan je bikin. Kwana biyar gare ni. Ina ya kamata ya kai ni? Hajiya, daga Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya wa karatun yaro albarka.

Ku fara da birnin Yok, tafiyar kusan rabin awa daga Lids a jirgin ƙasa. Akwai tsohuwar ganuwar dutse da ake hawa a zaga gari a kanta, da gidan tarihin jiragen ƙasa, shiga kyauta.

Amma ni abin da ya fi zauna mini a rai shi ne karkararsu. Ki sa ya kai ki ƙauyen Malham, cikin gandun Yokshaya Dels da aka keɓe tun 1954. Akwai wani farin dutse tsaye kamar bango, tsayinsa kusan mita 80, ƙorama na ɓulɓulowa daga gindinsa. Tumaki na kiwo babu makiyayi, an tare su da katangun duwatsu da aka jera ba siminti ba laka. Na daɗe ina shafa katangar nan, wallahi ban ga inda take motsi ba. Matakalar hawa sama kusan 400 ce. In gwiwa na damun ki, ki zauna bakin ruwan, ya wadatar.

Ranar Juma'a ku nufi birnin Biradfod da ke kusa da Lids, masallatai da abincin halal ba sai an nema ba.

Ki riƙe laima da rigar sanyi ko a Yuli. Magariba kuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare.