Amsa ga mai neman shagon zoben daimon a Dubai

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya. Na ga ka ce wata mai kamawa za ka Dubai haɗo lefe, yarinyar kuma ta nuna tana son zoben daimon na baiko, shi ne kake neman a faɗa maka shagon da ba za a tsuga maka kuɗi ba.

Sunan shago kam ba zan ba ka ba. Ba rowa ba ce. Wanda ya yi mini adalci shekaran bara, bana kana iya zuwa ka tarar wani yaro ne daban a bayan kanta. Abin da zan ba ka shi ne yadda za ka gane mai gaskiya da kanka cikin minti goma, don ni sai da na biya kuɗin makaranta kafin na iya.

Karon farko uwargida na saya wa, a kasuwar gwal ta unguwar Deira a Dubai. Na shiga wani shago, fitilu tar, komai sai ƙyalli yake. Mai shagon ya ɗauko wata 'yar na'ura kamar biro ya ɗosana wa dutsen, ta yi ƙara, ya ce ka ji ko, na gaske ne. Muka yi ciniki, ya rage mini kusan kashi ɗaya cikin uku, na fito ina ganin na yi wayo. Rasit ɗin da ya ba ni layi ɗaya ne: zobe, karat 18, jimla kaza. Bayan shekaru wata buƙata ta taso, uwargida ta fito da kayanta muka kai wa masu gwal a Kano. Sarƙa da awarwaro suka dawo da fiye da abin da aka saye su. Da aka zo kan zoben, mutumin ya ɗora a sikeli ya ce zai cire nauyin dutsen, gwal ɗin kawai zai biya. Na hana. Da na sake komawa Dubai na zaga da shi shaguna, kowa tambayarsa ɗaya: ina takardarsa? Tayin da ya fi tsoka bai kai sulusin abin da na biya ba. Yana nan a hannunta har yau.

To ka fara riƙe wannan: daimon ado ne, ba kadara ba ce irin gwal. Matanmu sun saba sarƙar lefe ita ce bankinsu, ranar da ta ɓaci a kai kasuwa. Zoben daimon ba ya wannan aikin. Kada ka rage nauyin gwal ɗin lefe don ka ƙara girman dutse. Maganar nan ma da za ka ji wai sai an kashe albashin wata biyu a zobe, tallar kamfanin haƙar daimon na De Beers ce, su ne tun ƙarshen shekarun 1930 suke cusa wa Amurkawa cewa baiko bai cika ba sai da daimon. Ba ta hau kanka ba.

Karo na biyu, a bikin wani ƙanena ne, na canza salo. Duk shagon da na shiga sai in ce a raba mini farashin gida uku: nawa ne dutsen shi kaɗai, giram nawa ne gwal ɗin, nawa ne kuɗin aiki. Farashin giram na ranar yana nan a allo a kasuwar, ba a ciniki a kansa, a kan dutse da kuɗin aiki ake yi. Wanda ya ce shi a dunƙule yake sayarwa, in yi masa godiya in fita. A nan kaɗai na zubar da fiye da rabin shagunan.

Sai takarda. Ka ce kana son dutse mai takardar GIA, cibiya ce a Amurka da ta kafu tun 1931, ita ta fito da ma'aunin da duniya ke bi. Akwai kuma IGI da ta samo asali daga Antwerp ta Beljiyam, za ka gan ta da yawa a Dubai. Takardar da shagon ya buga da tambarinsa ba shaida ba ce, mai kaya ne ke yabon kayansa. Takardar gaske tana da lamba. Ka buɗe shafin cibiyar a wayarka a nan gabansa ka sa lambar, bayanin dutsen zai fito. Yawancinsu an zana wannan lamba a gefen dutsen da rubutu mitsitsi, sai ka ce ya ba ka madubin da suke dubawa da shi ka karanta da idonka. Yana da wuyar gani da farko, ka yi haƙuri ka juya shi har ka kamo. Mai gaskiya shi zai ma taya ka. Ita kuwa na'urar biron nan kada ta ruɗe ka, zafi take aunawa, kuma akwai wani dutse mai araha da ake kira moisanait da yake sa ta ƙara kamar daimon.

A takardar abu huɗu ne ke yanke farashi, amma ba duka suka cancanci kuɗinka ba. Yanka shi ne gaba. Shi ke sa dutse walƙiya, in an yanka shi ba daidai ba, komai tsabtarsa dusu-dusu zai zama. In mai da'ira ne, ka nemi wanda aka rubuta Excellent a layin yanka, nan kada ka sassauta. Launi ana jera shi daga D zuwa Z, D ne fari fat. Ni na ajiye D da H gefe da gefe a kan farar takarda, da ƙyar na raba su, amma tazarar kuɗinsu ta isa ta sayi akwati guda na lefe. G ko H sun wadatar, in kuma a jan gwal za a ɗora shi, har J ba ya nuna kansa. Tsabta ma haka: VVS, matakin da ke kusa da na ƙoli, kuɗi ne kake biya don abin da sai da madubi ake gani. VS2 da ke ƙasa da shi ya yi, SI1 da ke biye ma in ka duba da ido tsirara ba ka ga ɗigo ba.

Nauyi ne wurin da ake kama samari. Karat ɗaya na daimon kashi ɗaya cikin biyar ne na giram, kuma ba shi da alaƙa da karat na gwal. Farashi yana tsalle ne daidai kan cikakkiyar lamba, wato 0.50 da 1.00, saboda kowa so yake ya ce karat guda ya saya. Dutse mai 0.90 faɗinsa kusan milimita 6.2 ne, mai 1.00 kusan 6.5. A yatsa babu ƙawar amarya da za ta gane. Mu 0.90 muka ɗauka.

Akwai kuma abin da a lokacin sayena na farko babu shi a kasuwa sosai: daimon da ake haɗawa a masana'anta. Ba jabu ba ne, sinadarinsa ɗaya da na haƙa, ido ba ya raba su. Farashinsa ya faɗi warwas. De Beers da kansu sun buɗe reshen sayar da shi mai suna Lightbox a 2018 kan dala 800 kowane karat, a 2025 suka sanar za su rufe shi bayan farashin ya ci gaba da zubewa. In ƙyalli take so, ka sayi wannan, ragowar kuɗin ka ƙara mata awarwaro. Sharaɗi dai ka san shi kake saye, a farashinsa, ita ma ka faɗa mata. Takarda tana bayyana shi ƙarara, shi ya sa wanda ke son sayar maka da shi a kuɗin na haƙa yake kwana-kwana in ka tambayi takarda.

Jikin zoben ka bar shi a karat 18, za ka ga an buga 750 a ciki. Na san mutanenmu 21 da 22 suka fi yarda da su, amma sun yi laushi, 'yan ƙafafun da ke riƙe dutsen sai su buɗe. Ka zaɓi mai ƙafa shida, kuma wanda dutsen bai yi tsiri sama ba, in ba haka ba kullum yana cikin kama leshi da mayafi. Farin gwal kuma shafe ne a samansa, yana ƙoɗewa da wanke-wanke, sai an riƙa sabuntawa.

Kada ka saya ranar farko. Ka rubuta abin da kake so a takarda, nauyi da launi da tsabta da yanka, ka nuna wa shago huɗu ko biyar, har da ƙananan da ke lungu da saman bene, waɗanda hayarsu ba ta kai ta bakin hanya ba. Kada ka bi 'yan kamashon da ke tare mutane a titi, ladansu a cikin kuɗinka yake. Ka tafi da fasfo, don harajin kashi 5 cikin 100 da suka fara karɓa a 2018 ana mayar wa baƙo da mafi yawansa a filin jirgi, in shagon ya yi maka rajista tun wurin biya. A rasit a rubuta lambar takardar dutsen, da nauyin gwal, da abin da za su ba ka in ka dawo da shi ko ka zo musanya.

Awon yatsa kuma ka sa ƙanwarta ta samo maka wani zoben da take sawa a wannan yatsan, kada ka yi kintace. Ka guji wanda aka jera wa duwatsu zagaye gaba ɗaya, ba ya matsuwa ba ya buɗuwa. In kuma ka bar musu zoben su gyara awo, ranar karɓa ka sake neman madubin ka karanta lambar nan kafin a sa shi a kwali.