Amsa: Kamun kifi da harbin tsuntsaye a tafkin Madarunfa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya kai yara tafkin Madarunfa, da ke jihar Maraɗi a Nijar, ku jefa fatsa, kai kuma ka ɗan harbi agwagin ruwa. Kifi ba matsala, harbin ne ke da magana.

Kana isa, ka fara gaida masunta a bakin ruwa. Su suka san inda karfasa da tarwaɗa ke taruwa, kuma ba sa son a bi ta kan tarunsu. Ka je da sassafe, lokacin sanyi ya fi daɗi. In za ku shiga kwale-kwale, kada a cika shi.

Tafkin yana cikin dausayoyin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Ramsar ke karewa, tsuntsaye na ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a nan. Harbi ba takardar izini laifi ne a Nijar, har bindigar za ka iya rasawa. Ka je wajen jami'an gandun daji tukuna, su za su gaya maka abin da ya halatta.

Don Allah kada yaran su yi wanka a gefen da ruwa ke kwance, akwai tsargiya. In ka ga jini a fitsarin yaro, ku tafi likita.