Amsa ga mai tambaya kan levofloxacin da tarin Baba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Ka ce tari ya kama shi tun shigowar hunturu, yau mako huɗu ke nan, mai kemis ya ba shi levofloxacin na kwana biyar ya ji dama, yanzu tarin ya dawo har da zufar dare, kana tambaya ko ka ƙaro masa. Don Allah dakata tukuna.

Na daɗe ina aikin jinya a ɓangaren masu ciwon ƙirji, labarin nan na ji shi har ba adadi. Levofloxacin da moxifloxacin da cipro duk 'yan gida ɗaya ne, ana ce musu fluoroquinolone. Biyun farko suna taɓa ƙwayar tarin tibi sosai, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su a sahun gaba cikin magungunan tibin da ya gagari maganin farko. To in aka ba mai tibi ɗaya daga cikinsu shi kaɗai na 'yan kwanaki, cutar ba ta mutuwa, kwanciya kawai take yi. Zazzaɓi ya sauka, tari ya lafa, a gida a ce alhamdulillahi, a fasa zuwa asibiti. Bayan wata ɗaya ko biyu ta taso, ta ƙara cin huhu, ta laƙa wa jikokin da ke kwana ɗakinsa. Abin da ya fi ɗaga min hankali, wani lokaci ƙwayar ta riga ta saba da maganin da za a nema gobe idan abu ya yi tsanani.

Akwai wani dattijo direba da aka taɓa kawo mana, sau uku ana saya masa levo a tasha, kowane karo ya warke ya koma hanya. Ranar da ya iso wando ba ya zama a ƙugunsa. Gwajin kaki ɗaya ya nuna abin da aka yi wata huɗu ana rufewa.

Ba ina cewa Baba tibi gare shi ba, ban gan shi ba. Amma tarin da ya kai mako biyu, gwajin kaki ake fara yi. Ka kai shi asibitin gwamnati, ka tambayi ɗakin DOTS, wato sashen masu tibi; gwajin kaki da ake kira GeneXpert kyauta ne a Najeriya, maganin ma kyauta.

Sai maganar shekarunsa. Magungunan gidan nan suna iya lalata jijiyar agara har ta tsinke, musamman ga wanda ya haura 60, ko mai ciwon ƙoda, ko mai shan prednisolone ko dexa, wanda mutanenmu ke sha don ciwon gaɓoɓi ba tare da sun ɗauke shi magani ba. Hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa gargaɗin wannan a 2008, a 2016 kuma ta ce kada a ba da su don ƙaramin ciwon ƙirji ko na hanci matuƙar akwai wani maganin. Idan yana da ciwon suga, suna iya hargitsa masa sugan. In ya ce dunduniyarsa na ciwo, ko ƙafa na masa tsitstsira kamar ana soka allura, ka gaya wa likita a ranar.

Kada a ce na aibata magani. Na ga levo ya tashi masu nimoniya daga gado, idan likita ya duba ya ga shi ya dace, misali wanda jikinsa ba ya karɓar amoxicillin. Cipro kuwa, da muke sha kamar gyaɗa da sunan taifot, ba ya da ƙarfi kan ƙwayar da ta fi kawo nimoniya, mura kuma ba ruwanta da su duka. Wanda likita ya rubuta wa levo, ya raba shi da farin maganin olsa da ƙwayar ƙarin jini da aƙalla awa biyu, cipro kuma kada a kora shi da nono.

Gobe in za ku tafi, ka ɗauki kwalin maganin da ya sha ka nuna musu, ka faɗa musu ranar da ya sha na ƙarshe. Kafin sakamako ya fito a buɗe tagar ɗakinsa, yara ƙanana su koma kwana wajen Mama.