Littafin gudu ko takalmin gudu? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya daga wata uwa a Zariya: "Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 11 ta zo ta ɗaya a tseren mita 400 a wasannin makarantarsu, tun ranar ba ta da zance sai gudu. Na ga ana tallar wani littafin labarin yara na Turanci a Facebook, labarin wata yarinya mai gudu da iyayenta suka tsaya mata, an ce akwai addu'a da jajircewa a ciki. Kuɗinsa da na kawowa sun kusa cefanen mako guda. In saya? Ga kakarta kuma tana cewa gudu ba na 'ya mace ba ne."

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana ita. Kada ki tura kuɗi tukuna. Ki ce wa mai sayarwar ya ɗauko miki hoton bangon baya da shafi uku ko huɗu daga tsakiyar littafin. Shafin farko kowane marubuci yana yi masa kwalliya, a tsakiya ake gane mai abin faɗa.

Idan hotunan sun zo, ki ba yarinyar shafi ɗaya ta karanta a fili. In kalmomin da suka tsayar da ita sun wuce biyar, Turancin ya yi mata tsauri, littafin zai kwana a ƙarƙashin katifa. In ta wuce wannan, sai ki duba abin da ya fi damuna da irin waɗannan littattafai, wato yadda suke ɗaukar addu'a. Akwai waɗanda yarinyar cikinsu ba ta atisaye, ba ta gajiya, ranar gasa kawai za ta ɗaga hannu sama ta wuce kowa. Yaron da ya karanta haka, ranar da ya yi addu'a aka kayar da shi, me za ki ce masa? Mu dai abin da aka koya mana shi ne mutum ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, kamar yadda ya zo a hadisin Tirmizi. Saboda haka ki nemi littafin da yarinyar ta sha kaye ko da sau ɗaya, ta yi kuka, wani a gida ya lallashe ta, ta tashi da sassafe ta koma fili.

Ki kuma san addinin da ke ciki kafin ki biya. Da yawa daga littattafan yara na Amurka masu maganar imani kamfanonin ɗab'i na Kirista ne ke fitar da su, kuma bangon baya yakan nuna hakan. Gidan Kirista abin nema ya samu. A gidan Musulmi kuwa uwa ta fara karantawa, ta yanke hukunci da kanta, kada sai yarinya ta zo da tambaya sannan a fara kame-kame.

Sai batun iyali. Wani littafin taimakon iyaye a wurinsa mota ne da koci da filin wasa mai shimfiɗar roba. Yarinyarki za ta karanta ta ga kamar ku kun gaza. Wanda na fi so shi ne wanda uwa ke ɗauke wa 'yarta wanke-wanken safe saboda atisaye, ko uba ya bi ta a baya da keke yana duba agogo. In shafukan da aka turo miki sun yi kama da haka, saya, kuɗinki bai tafi a banza ba.

Maganar kaka kuwa, kada ki yi musu da ita, musamman in surukarki ce. Ki bar mahaifin yarinyar ya kai mata hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito: Nana A'isha ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Sau da yawa damuwar tsofaffi sutura ce, ita ma akwai amsa. A 2006 Rukayya Al-Gasra ta Bahrain ta ci zinare a tseren mita 200 a wasannin Asiya da aka yi a Doha, sanye da hijabi da dogon wando.

Tambaya daga wani uba a Bauchi: "Ɗana mai shekara 13 yana son gudu mai nisa. Abin da ke hannuna ba zai sayi littafi da takalmi ba, sai ɗaya. Wanne?"

Malam, takalmi. Littafi ana aro, abokai biyar za su iya karanta guda ɗaya, amma ba a aron ƙafa idan ƙusa ko kwalba ta shige ta. Labarin da zai ƙarfafa masa gwiwa kuwa kai ma za ka iya ba shi bayan sallar isha'i, kyauta. Ka ba shi na Haile Gebrselassie na Habasha, wanda ke gudun kilomita 10 zuwa makaranta da littattafai a hammata, har hannunsa na hagu ya saba da lanƙwashewa yana babba. Ka ba shi na Abebe Bikila, wanda ya ci gudun fanfalaki na kilomita 42 a Roma a 1960 ba takalmi. In ya ce to shi ma ba ya bukata, ka ƙarasa masa labarin: a Tokyo a 1964 Bikila ya sake ci, da takalmi a ƙafarsa, kuma ya fi sauri.

Ba sai sabo ba, kambas na gwanjo ya isa. Ku je tare da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, ya sa safa ya gwada. A bar sararin faɗin babban yatsa a gaba. Ka juya ƙasan ka duba, in gefe ɗaya ya cinye ka ajiye. Ka lanƙwasa shi, ya kamata ya lanƙwashe ta wajen yatsu, ba ta tsakiya ba. Mai ƙusoshi a ƙasa na filin gasa ne, kada mai shago ya ruɗe ka da shi. Kuma a shekarunsa kada ka sa shi gudun manya. Kaɗan-kaɗan da safe ko da la'asar sakaliya, da ruwan sha, da ranakun hutu.

Tambaya daga wata malamar firamare a Katsina: "An ba ni kuɗi kaɗan in sayi littattafan labari na aji shida. In sayi kwafi goma na littafi ɗaya, ko daban-daban?"

Malama, in za ku karanta tare a aji babi-babi, kwafi goma na ɗaya ya fi, yara uku-uku a kan kowane. In na aro ne zuwa gida, daban-daban. Ki yi hattara da na jabu, don araharsu kan ja hankali: ki ƙirga shafukan ƙarshe ko sun cika, ki duba ko tawada ta dushe, ki buɗe littafin sosai ki ga ko gam ɗin zai saki. Na Hausa da ke kan tebur a kasuwa kuwa akasarinsu don manya aka rubuta, kada hoton bango ya sa ki miƙa wa yaro wanda ba ki karanta ba. Ki ware ɗan canji ki sayi leda da salatif a rufe bangon tun ranar farko.